Taken Ƙasa: Wanne Ne Ya Fi Zama a Bakin Jama'a?

Malamin Asambili: Assalamu alaikum. Tun 29 ga Mayu 2024, ranar da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar dawo da "Nigeria, We Hail Thee" a madadin "Arise, O Compatriots", ake ta gardama. Mu ajiye siyasa gefe. Masu koyar da taken, masu busa shi da masu sa shi a lasifika, wanne ya fi yin aiki a fili?

Tsohon Ɗan Badujala: Wa'alaikumus salam, Malam. Abu uku ake aunawa: tazarar murya daga ƙasa zuwa sama, wurin numfashi, da tsawon lokaci. "Arise, O Compatriots", taken 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya yi wa kari, baiti biyu ne, kowanne ɗango tara. Yana da tafiyar fareti, ganga na riƙe shi da kyau, amma ƙarshen baitin yana hawa sama. Idan mai jan waƙa ya fara da murya a sama, kafin a kai can maƙogwaron yara ya shaƙe, sai ka ji rabin fili ya yi tsit. Na 1960, wato "Nigeria, We Hail Thee", baiti uku ne, ɗango shida-shida, a natse yake tafiya. Matsalarsa jan ƙafa: in babu ganga, kowane ɗango sai ya fi na bayansa nauyi, a ƙare kamar ana zaman makoki. Maganin duka biyun, a busa sautin farko a ji, a ƙirga huɗu, sannan a shiga tare.

Mu gode Allah ma. Taken Amurka tazarar muryarsa ta wuce gona da iri, shi ya sa a filin wasa suke ba mawaƙi ɗaya ya rera, jama'a na tsaye.

Hedimistires: Baba ya faɗi gaskiya kan jan ƙafa. A wajen koyarwa kuwa, gajeren ɗango ya fi sauƙi. Ɗango biyu a rana, a rubuce a allo, a karanta shi kamar magana kafin a sa masa kari. Kwana uku baiti ya zauna. Kuskuren da ake yi shi ne a kunna wa yara waya su bi. Sautin suke kwaikwaya ba kalma ba, kuma kalma irin "thee" tsohon Turanci ce da ba ta cikin littafin firamare. Sai an gaya musu ma'anarta "kai" ko "ke".

Wani rikicin kuma, baiti na biyu na taken 1978 da baiti na uku na wannan duk da kiran Ubangijin halitta suke farawa, kalma ɗaya ce ta raba su. Manya da suka haddace na baya sukan fara wannan su zarce cikin wancan. Kada a koyar da baiti na uku sai na farko ya kama sosai.

Ma'aikacin Wayar da Kai: Hajiya, a ƙara da wannan. Ƙa'idar NOA, hukumar wayar da kai ta ƙasa, ita ce baiti na farko kaɗai ake rerawa a taron yau da kullum, na uku shi ne addu'ar ƙasa. Duka ukun sai manyan ranaku, irin 1 ga Oktoba da rantsar da shugaban ƙasa.

Mai Kayan Sauti: Ni dai nawa gargaɗi ne. A goge tsohon fayil daga filas da kwamfuta gaba ɗaya, kada a bar biyu masu suna iri ɗaya. A Yunin 2024, a wasan Najeriya da Benin a Abijan, taken da aka soke aka kunna wa 'yan wasa. Sannan sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Filin da ya kai mita 100, in lasifika a gaba kawai take, na baya suna makara da kusan sulusin daƙiƙa, taken ya rabu biyu. A sa lasifika a tsakiya, ko mutum ya hau tebur yana ba da lokaci da hannu. FIFA daƙiƙa 90 take ba kowane take, don haka baiti uku ba su da wuri a ƙwallo.

Ɗan Damagaram: 'Yan'uwa, mu a Nijar ta wata hanyar muka bi. "La Nigérienne" ta 1961 Bafaranshe ne ya rubuta, Maurice Albert Thiriet, kuma an daɗe ana ƙorafin tana sa mu godiya a kan 'yancinmu kamar kyauta aka ba mu. A Yunin 2023 majalisa ta amince da "L'Honneur de la Patrie". Ku kuma kun bar wanda 'yan ƙasa biyar suka haɗa kalmominsa, kun koma na Baturiya Lillian Jean Williams. Abin da mamaki. Amma namu ma da Faransanci yake, manomi a Matameye leɓe kawai yake motsawa.

Malamin Adabi: Nan gizo ke saƙa, ɗan'uwa. Kuma fassara ba ta warware shi cikin sauƙi. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, doguwa da gajera, ga karin sauti. In ka ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa, gajeren wasali ya faɗa inda ake jan murya, sai "gari" ta koma "gaari", garin zama ya koma garin tuwo. Wanda zai fassara ya ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango tukuna, ya ware wuraren jan murya, ya ajiye dogayen gaɓoɓi a nan, ko da ma'ana za ta ɗan karkata. Afirka ta Kudu a 1997 ta haɗa waƙoƙi biyu da harsuna biyar a take ɗaya. Gana kuma tana da na hukuma da Turanci, amma "Yɛn Ara Asaase Ni" ta Ephraim Amu da harshen Tuwi ita mutane da yawa ke rerawa da zuciya ɗaya.

Tsohon Ɗan Badujala: Malam, in za a gwada na Hausa, a fara da murya zalla da tafi. Algaita da kakaki ba a kan ma'aunin kayan busan Turawa aka gina su ba, in aka haɗa su da badujala ba shiri sai su yi ta karo.

Hedimistires: To Baba, wa zai fara kawo mana baitin farko mu gwada wa 'yan aji shida ranar Litinin?