Manhajar lissafin shago: yaro zan ba ya rubuta ko ta Duwala zan saya?

Mai Fiyes Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma wanda ya taɓa yi nake so ya amsa, ba wanda ya ji an ce ba. Kayan gyaran babur nake sayarwa, shago ɗaya a babbar kasuwar Garwa a Kamaru, ɗaya a Gidar, ƙanena ke riƙe da shi. Yawancin kayan daga Mubi da Kano nake sarowa da naira, in sayar da sefa. Tun da aka saki naira a 2023 littafi ya fi ƙarfina. Sarƙa iri ɗaya sai in saro ta da farashi uku kafin ta farko ta ƙare, yara kuma suna ta sayarwa yadda suka saba. Ga bashin makanikai da masu babur ɗin haya.

Wani yaro da ya gama karatun kwamfuta a Ngaundere ya ce jaka 250, wato sefa dubu 250, zai rubuta mini manhaja daga tushe. Wani kamfani a Duwala ya ce jaka 600, sannan jaka 100 duk shekara. Sharaɗina uku ne: ta yi aiki ko babu intanet, ta san naira da sefa, ta haɗa shaguna biyun. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Baladji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka kashe ko dala. Akwai manhajoji kyauta a Play Store, ka sauke a waya, komai yana kan intanet, ko kana Makka kana ganin cinikinka.

Abu Hanifa:
Excel kawai. Ɗana ya tsara mini, jaka 5 na ba shi ya sha lemo.

Mai Fiyes Garwa:
Ɗan Baladji, na ce ko babu intanet. A Gidar akwai ranar da rezo, wato netwok, ke tafiya tun hantsi sai la'asar. Malam Abu Hanifa, kayana sun fi kala dubu, kuma yara uku ne ke taɓa kwamfutar. Wa zai hana ɗaya ya goge layi?

Hajiya Domayo:
Alhaji, tsaya ka ji nawa kafin ka ba kowa kuɗi. Sari nake yi a Marwa, shinkafa, sukari, mai, sabulu. Ɗan maƙwabta ne ya rubuta mini tawa, yaron da a gabana ya girma, jaka 400 na biya kashi uku. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya yi kyau. Ina danna sunan mai shago sai ga abin da ya ɗauka, ga abin da ya biya, ga saura. Har na daina rubuta littafi.

Shekara na zagayowa sai na kunna da safe, ta ƙi buɗewa, wai a saka lamba. Na kira shi, ya ce ai lasisi ne Hajiya, jaka 30. Ba mu taɓa yin wannan maganar ba, amma ga motar kaya a ƙofa, na tura masa. Daga nan ya samu aiki a Duwala. Da farko yana ɗagawa, daga baya sai saƙo, daga baya shiru. Da zafin Afrilu ya shigo kwamfutar ta fara wani ƙara, rannan ta mutu gaba ɗaya. Mai gyara ya yi ƙoƙari ya ciro fayil ɗin daga ciki, sai ga shi a kulle da kalmar sirri, kuma ba kowa ya san ta sai yaron. Na je wajen uwarsa har kunya ta kama ni, ita ma kuka take ba ya kiranta.

Na ce to bari in koma kan rasit, tunda ina tara kwafi a cikin kwali. Na buɗe kwalin, takardun nan na ƙaramar firinta duk sun koma fari fat, zafi ya cinye rubutun. Sai ka karkata ta a rana ka ga inuwar lamba ɗaya ko biyu. Haka na bi shago shago ina tambayar mutane nawa nake bin su. Masu tsoron Allah suka faɗa. Wani da nake ba kaya tun yana tura baro ya dube ni ya ce, Hajiya kawo takarda. Har yau ban san adadin abin da ya tafi ba, shi ne ma ya fi ci mini rai.

Ɗan Baladji:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya. Kun gani, da a intanet yake da ba abin da ya ɓata.

Injiniya Dang:
Allah ya musanya, Hajiya. Amma a duba da kyau, abu uku ne suka haɗu a kanki, kuma babu wanda ya shafi ko yaron ya iya aiki. Ba a ba ki asalin rubutun manhajar ba, ba a ba ki kalmar sirrin rumbun bayanan ba, kuma babu kwafin ajiya a wani wuri. Kamfanin Duwala ma zai iya yi wa mutum haka.

Alhaji, ko wa ka zaɓa, a rubuta a takarda da shaidu: asalin rubutun naka ne, a ba ka shi a kile, wato filas na USB. Kalmar sirri tana hannunka. Manhajar tana iya fitar da kaya da bashi zuwa Excel duk lokacin da ka so. Kowane yaro da sunansa da lambarsa, kuma ba a goge ciniki, sai dai a soke shi sunan wanda ya soke ya zauna. Kowane dare kwafi ya tafi kile, kilen kuma ya kwana a gida ba a shago ba.

Wurin da aikin yake da wuya shi ne haɗa Garwa da Gidar babu intanet. Dole kowane shago ya riƙe bayanansa, in rezo ya dawo su daidaita. To in ƙanenka ya sayar da fistin na ƙarshe a can, kai ma ka yi wa wani alkawarinsa a nan, wanne manhajar za ta gaskata? Ka yi wa yaron wannan tambayar. In ya ce ai mai sauƙi ne, bai taɓa yi ba. Naira kuma, kowane sari a shigar da shi da canjin ranar, a ɗora kuɗin mota da na kwastan, manhajar ta fitar da matsakaicin abin da kaya ya tsaya maka.

Ni da zan ba da shawara, kada a rubuta daga tushe. Akwai manhajojin kasuwanci da aka riga aka rubuta: Odoo yana da sigar kyauta, Dolibarr ma kyauta ne, duka suna da Faransanci kuma sun san kuɗi fiye da ɗaya. Ka biya yaron ya girka ya daidaita. In ya tafi, wani zai iya ɗorawa. Amma haɗa shaguna biyu babu rezo ko a nan sai an zauna an yi dabara.

Abu Hanifa:
Jaka 250 ma ta yi yawa. A Yelwa akwai mai saka irin wannan jaka 40, har da koyarwa.

Injiniya Dang:
Ta jaka 40 kwafin sata ce aka fasa. Ranar da ta tsaya ba mai ɗaga maka waya.

Sarkin Kwana:
Ni kuma miliyan ɗaya da rabi aka ce mini a Yawunde don kantin magani. Wato tsakanin jaka 40 da miliyan ɗaya da rabi duk sunanta manhaja. Araha dai ba ta ado.

Hajiya Domayo:
Injiniya, da girmanka, amma irin wannan daɗin bakin yaron nan ya yi mini. Ka taɓa tsayawa a shago ranar kasuwa, mutum goma na miƙo kuɗi, ka ce wa yaro ya tsaya ya nemo sunan kaya a kwamfuta? Ku kuna rubutawa a ofis, mu ke zama da abin.

Injiniya Dang:
Hajiya, ba a ofis nake ba, shaguna nake bi ina girkawa. Kuma maganarki ta ranar kasuwa gaskiya ce, ita ke kashe yawancin manhajojin da na gani. Yaro ya sayar da abu biyar ya shigar da uku, bayan wata biyu kwamfuta ta ce akwai, kanta ta ce babu, sai mai shago ya ce manhaja ba ta da kyau. Kayan babur ma sun fi wuya, da yawa ba su da lambar da ake haskawa, sai an buga an manna wa kowanne.

Sarkin Kwana:
Wato dai Injiniya talla ya zo. Saka lambar wayarka mu huta.

Baban Ummi:
A bar mutum ya yi magana mana. Wanda ya sani ya faɗa ku ce talla, wanda bai sani ba ya faɗa ku ce gogewa. Ni kontabul ne, wato akanta. Alhaji, ba wanda ya tambaye ka tsarin harajin da kake ciki. In kana cikin masu karɓar TVA, harajin da ake ɗorawa kan ciniki, kashi 19.25 ne a Kamaru, dole faktir ɗinka, wato takardar ciniki, ta nuna shi daidai. Kuma tun Janairun 2018 sabon tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashen ƙungiyar OHADA, wato SYSCOHADA, ake bi. Yawancin yaran nan sun iya allo mai kyau amma ba su san lissafin OHADA ba, ƙarshen shekara sai mu sake shigar da komai da hannu a manhajar akanta ta Sage. Wannan ma kuɗi ne, ka sa shi a lissafi.

Ɗan Baladji:
Baban Ummi, wa ya ce maka Alhaji na son kwamfutar da za ta faɗa wa 'yan haraji gaskiya? 😂

Mai Fiyes Garwa:
Kai Ɗan Baladji ka kiyaye ni, ina biyan haƙƙina. Injiniya, in na bi ta Odoo ɗin, nawa ya kamata in ba yaron?

Bakin Gada Njamena:
Gaisuwa daga Cadi. Masu cewa a ɗora komai a intanet ba su zauna a nan ba. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe mana WhatsApp da Facebook, sai da VPN, manhajar kauce wa toshewa, ga tsadar data. Ni odar kayana daga Kusiri ta Kamaru duk ta WhatsApp take, sai na koma tsallaka gadar Ngeli da kaina. Ku ma ai kun ɗanɗana ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke. Abin da ba ya hannunka ba naka ba ne.

Ladi Fumfumre:
Duk kuna ta intanet, wutar fa? Da rani in ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya kowa ya san yadda muke kwana a Garwa. Kwamfutar shagon ɗinkina ba zafi ne ya kashe ta ba, wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta tare da firji.

Abu Hanifa:
Ai an kafa sola a Gidar da Marwa, an ce abin zai yi sauƙi.

Ladi Fumfumre:
Sola da rana take, Malam. Ni da magariba nake lissafi.

Injiniya Dang:
Don haka nake cewa a sayi laftof maimakon babbar kwamfuta, batirinta a jikinta. Ondilar, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, minti kaɗan yake ba ka, don ka kashe lafiya ne kawai. Kuma a riƙa busa ƙurar hunturu daga fanka.

Hajiya Domayo:
Ondilar biyu na saya, duka batirinsu ya kumbura.

Sarkin Kwana:
Hajiya ke kam ko fitilar ƙwai kika saya sai ta nemi lasisi.

Hajiya Domayo:
Za ka zo sayen sukari bashi, zan tuna maka.

Ladi Fumfumre:
Ni fanel ɗin sola ɗaya da batir nake so, wanda zai riƙe laftof da fanka da ƙwai biyu. An ce mini jaka 180 a nan.

Bakin Gada Njamena:
180? An cuce ki Yaya Ladi. A Kusiri da jaka 95 an haɗa mini.

Abu Hanifa:
Da wane irin batir? In na mota ne ba zai kai damina ba. Faɗi sunan batirin tukuna.