Naira tiriliyan 22.7: bashi aka ci ko kuɗi aka buga?

Abu Khadija: Jama'a, batun kuɗin da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ba gwamnatin tarayya yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 50 na dokar CBN ta 2007 ya ce cikin wata biyu da ƙarewar shekara, bankin ya miƙa wa majalisa da shugaban ƙasa lissafinsa da sa hannun odita, wato mai binciken kuɗi. Amma lissafin 2016 zuwa 2022 sai a Agustan 2023 jama'a suka gan shi, na shekara bakwai a dunƙule. Ana cikin wannan duhu aka yi ta buga kuɗi ana ba gwamnati har ya kai tiriliyan 22.7. Dole majalisa ta ba Babban Odita na Tarayya ikon buɗe littattafan bankin da kansa.

Malam Habu: Gyara kalmarka, ɗan'uwa. Ba a buga ba. Duk takardun naira da ke yawo a ƙarshen 2022 ba su kai tiriliyan 4 ba, to ina aka jibge 22? Wannan kuɗi, da ake kira Ways and Means, rance ne. Kuɗin shiga ya yi jinkiri, sai CBN ya rubuta adadi a asusun gwamnati ta biya albashi, idan haraji ya shigo ta mayar.

Hajiya Maman Sadik: Malam, ta mayar ɗin? Kuɗin da babu shi jiya, yau aka rubuta shi a kwamfuta, ya shiga asusun ɗan kwangila, ya fita neman dala da buhun masara, mene ne sunansa in ba bugawa ba? Ba sai inji ya yi ƙara ba.

Malam Habu: Hajiya, rance yana da ruwa da wa'adi. Bugawa ba ta da su.

Hajiya Maman Sadik: To mu bi wa'adin. Sashe na 38 na dokar CBN ya ƙayyade wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, a biya kafin shekara ta fita, in ba a biya ba a rufe ƙofa. Ya kuma hana a biya ta hanyar mayar da shi takardun lamuni. A Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince da abin da aka hana ɗin: shekara 40, ruwa kashi 9, shekara uku kafin a fara biyan uwar kuɗi. Bashin da jikanka zai biya kake kira rancen cike giɓi?

Ɗan Birni: Ku dai ku faɗi gaskiya, Baba Buhari kuke hari. A 2020 korona ta karya farashin mai, da me za a biya ma'aikata? Kuma tiriliyan 7.3 da majalisa ta amince wa Tinubu ya mayar takardun lamuni a Disamban 2023, me ya sa ba ku ambata ba?

Na Gidan Gona: Wannan ma ragowar naku ne. Ka fara gaya mana inda kuɗin Anchor Borrowers, shirin CBN na ba manoma rance, suka shiga.

Ɗan Birni: Je ka Kebbi ka tambayi manoman shinkafa.

Barista: Ku saurara, kun bar ainihin maganar. Cikas ɗin yana sashe na 85 na tsarin mulkin 1999. Babban Odita ba ya duba lissafin hukumomin da doka ta kafa da kansa. Jerin oditoci yake bayarwa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kai ziyarar dubawa lokaci-lokaci. Hukumar gudanarwar CBN ke naɗa odita, gwamnan bankin kuma shi ke shugabantar hukumar. Gyaran dokar CBN kaɗai ba lallai ya isa ba.

Na Gidan Gona: Barista, bugawa ce ko rance?

Malam Habu: Bari in taƙaita. An fahimci cewa rance ne, ba bugawa ba. An ɗan wuce iyaka saboda matsin tattalin arziki, majalisa kuma ta daidaita shi. Saura duk siyasa ce.

Hajiya Maman Sadik: Wa ya fahimta, Malam? "An ɗan wuce"? Kawo kuɗin shigar 2021, ka cire kashi 5, mu ajiye shi kusa da 22.7.