Zan iya sa wa lemona suna Margarita?

Mai Zoɓo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da zoɓo da kunun aya, yanzu na ƙara haɗin lemon tsami da lemon zaƙi da ƙanƙara, ina shafa gishiri a bakin kofi. Ƙanwata ta ce in sa masa Margarita, maigidana ya ce sunan giya ne. Don Allah me sunan yake nufi, daga ina ya fito? Ba na son in jawo wa sana'ata zargi.

Ma'aikacin otel:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi gaskiya. Margarita haɗi ne na tequila, giyar Meziko da ake yi da tsiron agave, da wata giyar ɓawon lemon zaƙi, da lemon tsami, da gishiri a bakin kofi. Kalmar kanta ba ta da aibu: a harshen Sifaniyanci sunan wani farin fure ne da Turawa ke kira daisy, kuma sunan mata ne. Tun ƙarni na 19 akwai haɗin giya a Amurka mai suna Daisy. Da aka haramta giya a can daga 1920 zuwa 1933, masu sha suka riƙa tsallakawa Tijuana, wani garin Meziko da ke kan iyaka, inda tequila ce a wadace. Masana da yawa na ganin Daisy ɗin ce aka yi da tequila, aka kira ta da harshen gari. Ni ma nan na fi karkata.

Yayar Marayu:
Ni labarin mace na ji. Wai Carlos Herrera ne ya haɗa wa wata mai rawa, Marjorie King, a 1938 kusa da Tijuana, wai daga sunanta aka samo Margarita.

Ma'aikacin otel:
Ana faɗin haka, Yaya. Wasu kuma su ce wata mata mai suna Margarita Sames ce ta haɗa ta a garin Acapulco na Meziko a 1948. Kowa da nasa, babu wanda ya tabbata. Abin da ke rubuce shi ne mujallar Esquire ta buga yadda ake haɗa ta a Disambar 1953.

Baba Malami:
'Yata, lemonki halal ne, amma wanda ya san sunan zai yi zaton giya, wanda bai sani ba kuma bai ƙara masa komai ba. Gidajen abinci kan rubuta Virgin Margarita, wato marar giya, sai dai ba kowa zai gane ba. Ki sa masa sunan Hausa, ki rubuta kayan haɗin a jikin gorar.

Mai Zoɓo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa masa Tsami-da-Gishiri.