Kansar ƙashi a kafaɗa, wai dole sai an yanke hannun?

Maman Khalifa, Unguwar Rogo:
Slm 'yan uwa. Ƙanena ne ɗan shekara 17, tun bayan ƙaramar sallah yake kukan kafaɗa, da dare ko barci ba ya yi, mun ɗauka targaɗen ƙwallo ne aka kai shi wajen mai ɗori har sau biyu amma kumburi sai gaba yake. Yanzu an yi hoto an ɗebi nama an gwada, wai kansa ce a saman ƙashin dantse. Likita ya ce za su cire ƙashin su sa ƙarfe, Hajiyarmu kuma ta ce wayo ne kawai yankewa za su yi. Dan Allah wa ya san aikin nan?

Abu Safwan:
Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, aiki ne da ake yi. In irin wadda ta fi kama matasa ce, ostiyosakoma, sai an fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, wajen sati 10 sannan tiyata, bayanta a ci gaba da kemo. Suna yanke ɓangaren da ya kamu har da lafiyayyen nama na kewaye, su cike gurbin da ƙarfe. Wani lokacin siririn ƙashin nan na gefen ƙwauri suke ɗaukowa su dasa, kuma mutum ya yi tafiyarsa lafiya lau. Yankewa sai in ciwon ya cinye manyan jijiyoyin da ke hammata. Ki tambaya ko sun yi hoton ƙirji, don in kansar nan za ta yaɗu huhu take fara kamawa.

Baban Ummi:
Matata an yi mata, bari in faɗa miki gaskiya kar ku sa rai da yawa. Yatsu da gwiwar hannu ras, tana girki tana danna waya, amma ɗaga hannu sama da kafaɗa babu, ɗaurin ɗankwali ma da wayo take yi, saboda naman da ke riƙe kafaɗar da shi aka cire. Sati 6 hannu a rataye, sai gashin ƙashi wata da watanni. Kuɗi kam ba a magana.

Ɗan Bauchi Road:
Aunty ku dai daina ɗorin nan wlh, ƙashin ya riga ya yi rauni murzawa karya shi za ta yi. In Hajiya ba ta gamsu ba ku kwashi takardun ku je asibitin ƙashi na Dala a Kano ta ji daga bakin wani likitan.

Maman Khalifa:
Ngd sosai. Hoton ƙirjin ranar Litinin ne, da Hajiya za mu je.