Masu hawa jirgin ruwan shaƙatawa, me kuka fi dubawa kafin ku biya?

Maman Hanifa, Unguwan Rimi

Assalamu alaikum jama'a. Maigida ya yi ritaya, yara suka haɗa kuɗi suka ce sai mun je hutu a irin jiragen ruwan nan na alfarma. Mai haɗa mana tafiya ya turo jerin sunaye da hotuna, kowanne ya fi wani ƙyalli, ni kuwa ban gane komai ba. Maigida yana fama da gwiwa kuma ba ya son hayaniya, ni kuma tsoron teku nake ji. Waɗanda suka taɓa hawa, don Allah ku faɗa mana wanne kuka zaɓa, me ya sa, kuma da za ku koma shi za ku sake ɗauka?

Baban Sadik, Barnawa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a yaran nan. Ajiye hotunan tukuna, a fara da fasfo. Mu masu koren fasfo biza ce take zaɓa mana jirgi kafin mu zaɓa. Jiragen Bahar Rum da ke zagaya Basalona, Marsel, Jenowa da tashar da ake sauka a shiga Rum, duk a ƙasashen Shengen suke, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza iri ɗaya, don haka biza ɗaya ta isa. Amma a nemi mai shiga da fita sau da yawa, domin idan jirgin ya leƙa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro kun fita daga Shengen ke nan, komawa kuma sabuwar shiga ce. Ko da mutum ya ce ba zai sauka a wata tasha ba, yawanci sai an ga bizar kafin a bar shi ya hau.

Wannan ciwon kan ne ya sa na ɗauki na yankin Larabawa: a tashi daga Dubai, a bi Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas, a shiga Doha, a dawo. Lokacinsa daga wajen Disamba zuwa Maris ne, sanda zafi ya sauka. Ruwan a kwance yake, kuma kusan kullum gari na wayewa kun isa wata tasha. MSC World Europa muka hau, wanda aka mayar otal a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. Ƙato ne na gaske, amma mun biya ɓangaren da suke kira Yacht Club, wani keɓantaccen wuri a saman jirgin mai ƙofarsa da ɗakin cin abincinsa da hadiminsa. In yara suna son wasa a sauka ƙasa, in an gaji a hau sama a rufe ƙofa. Ga mai iyali, ban ga abin da ya fi wannan ba.

Hajiyar Malali

Ƙanwata, ni a wajena alfarma ita ce in zauna gaban abinci ban tambayi kowa me aka sa a ciki ba. Na taɓa hawa wani jirgi a Turai, kullum sai na tsare kuku ina tambaya ko akwai giya a miyar nan, ko da man alade aka soya wancan. Suna da ladabi, sun amsa, amma na ƙare a kifi da taliya da ganye har na dawo gida ina mafarkin tuwon shinkafa. An ce da na rubuta musu tun makonni kafin tafiya da sun tanadi nama halal, sai dai ba kowane jirgi ke yin hakan ba, kuma sai ki samu alkawarin a rubuce.

Da Saudiyya ta fito da nata, Aroya, a Disambar 2024, ban yi wata-wata ba. A lokacin daga Jidda yake tashi ya zaga Bahar Maliya. Babu giya, babu gidan caca, abinci duk halal, akwai wurin sallah, akwai kuma lokutan da ake ware wa mata zalla a wuraren motsa jiki da hutawa. Mun fara yin Umara, muka hau jirgin ƙasan Haramain muka sauko Jidda, daga nan sai teku. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba wani babban abu ba ne: na shiga lif da hijabina har ƙasa, na tarar da mata huɗu cikin abaya, babu wadda ta ɗago ta kalle ni. Amma ki sani jirgin yana ɗaukar sama da mutum 3,000, kuma Larabawa da 'ya'yansu suke tafiya, ba sa barci da wuri. In Alhaji shiru yake so, ku guji lokacin hutun makarantunsu.

Dan Rigasa

Mu da iyakarmu kwale-kwalen kogin Kaduna da jirgin Rigasa zuwa Idu, muna nan gefe muna karatu. Allah ya kai mu.

Dakta, Kinkinau

Amin Dan Rigasa. Baban Sadik, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Jirgin da ke ɗauke da mutum dubu biyar, dubu shida, duk yadda aka keɓe maka lungu, ranar sauka a tasha tamkar Kasuwar Gumi ce ana gobe sallah. Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Wannan gari ne, ni kuwa gari na gudo.

Ni na fi son ƙananan jirage masu ɗaukar ɗaruruwan mutane. A jiragen kamfanin Silversea kowane ɗaki yana da hadimi. Regent Seven Seas suna sa yawancin yawon da ake yi a tasha cikin kuɗin tun farko. Viking ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba su da gidan caca, wanda ina ganin zai dace da Alhajin Maman Hanifa. Ƙaramin jirgi yana shiga inda babba ba ya iyawa. Tun Agustan 2021 ma Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Banis.

Sai dai akwai lissafin da ya kamata Musulmi ya yi. Idan aka ce komai yana cikin kuɗin, wani kaso mai tsoka na "komai" ɗin nan giya ce. Kai kana shan lemo da shayi, kana taya wani biyan kwalabensa. Na san haka na biya, don shirun da na saya ya fi mini, amma wanda aljihunsa ke da iyaka gara ya nemi jirgin da ake sayen abin sha daban.

Tafiyar da ba na mantawa ita ce ta Norwe a watan Yuni. Jirgin ya shiga mashigin ruwan Geiranger da sassafe, duwatsu tsaye dama da hagu, ruwa na zubowa daga samansu, ina baranda da kofin shayi da rigar sanyi biyu. Da muka haura arewa zuwa Tromso kuwa rana ta ƙi faɗuwa, ƙarfe sha biyun dare kamar la'asar. Sai ga tambaya: yaushe ne magariba? A masallacin garin na ji cewa a irin wannan lokaci lokutan Makka suke bi, na bi su. Wanda zai je can ya zauna da malaminsa tun a gida. Norwe ma Shengen ce, ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai.

Baban Sadik, Barnawa

Dakta, ai kai da madam kaɗai kuke tafiya. Ka gwada kai yara uku jirgin da babu abin wasa, ka dawo ka ba mu labarin shiru. Kan sallah kuma, manhajar alƙibla ta waya tana rikicewa a cikin jirgi saboda ƙarfe. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgin yake da inda ya fuskanta, da ita nake kwatantawa, in na rasa sai in tambayi ma'aikata, da yawansu 'yan Indonesiya ne Musulmi. Wani ma shi ya kawo mini darduma ban roƙa ba.

Amaryar Kawo

Anti, tunda kin ce kina tsoron teku bari in faɗa miki gaskiya. Mu daga Durban muka tashi zuwa gaɓar Mozambik bayan biki. Mun zaɓe shi ne don ba sai mun nemi bizar Turai ba, sai ta Afirka ta Kudu da katin rigakafin shawara. Ɗakinmu yana can gaba, a sama, wai don mu ga teku sosai. Daren farko ina kwance ina jin ratayen kaya suna kaɗawa cikin kabad, kwalbar turarena ta gangaro daga kan tebur, cikina ya juya. Ango yana ta cin abinci abinsa, ni ko ƙamshi ba na so. Wata ma'aikaciya ta kawo mini koren tufa da biskit, ta ce in fita in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Da shayin citta da ƙwayar jiri na samu kaina.

Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Kuma ranar da za a kai mu tsibiri a ƙananan jirage, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin ya soke saukar. Ba a mayar da kuɗin tafiya don wannan, yana rubuce a sharuɗɗa. Duk da haka na ji daɗi, musamman daren da ake cewa kowa ya yi kwalliya. Turawa suna ta baƙaƙen kwat iri ɗaya, sai ga ango cikin farar gezna da babbar riga da zanna bukar, ni da leshi da ɗaurin kai. Daga ƙofa zuwa teburinmu an tsayar da mu hoto ban san adadi ba. Kada ku bar kayan gida a Kaduna.

Masu juna biyu kuma su sani, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace idan ciki zai kai mako 24 kafin a gama tafiya.

Malam na Tudun Wada

Hajiya, duk sun kai ki teku, ni kogi zan kai ki. Jirgin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, kwana 3 ko 4 ne gwargwadon inda aka faro. Babu tangal-tangal ko kaɗan, gaɓa tana gabanki dama da hagu, ga dabino, ga manoma da jakuna, ga yara suna ɗago hannu. Lokacin sallah kiran sallah ne zai iso ki daga ƙauyukan bakin kogi, wani ya ɗauka wani ya ajiye. Nama ba abin tambaya ba ne. Biza ɗaya ce, ta Masar, jirgin sama kuma daga Abuja ko Kano kai tsaye zuwa Alƙahira.

A Esna, inda jirage ke jiran layi su ratsa ƙofar ruwa, 'yan kasuwa suna zuwa a kwale-kwale su ɗaure a jikin jirgi. Sai ka ga an cillo jallabiya cikin leda har hawa na sama, a yi ciniki da ihu da yatsu, in an daidaita ka sa kuɗi a ledar ka jefa ƙasa, in ba a daidaita ba ka mayar da kaya. Uwargida ta sayi mayafin tebur a haka, ta ce ko a Kasuwar Barci ba ta taɓa jin daɗin ciniki irin wannan ba.

Abin da ba a nunawa a hoto shi ne yadda jiragen ke kwana. Jere su ake yi gefe da gefe, har sai ka ratsa ta cikin wasu kafin ka taka ƙasa, tagar da ka biya kuɗi dominta kuma tana kallon tagar wani, ga ƙarar inji. Mai hali ya nemi dahabiya, ƙaramin jirgi mai filafilai da ɗakuna kaɗan, wanda ke kwana a bakin tsibiri shi kaɗai. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Aswan ko ɗan Sakkwato sai ya sara masa.

Dakta, Kinkinau

Malam, Nilu ya yi wa mai tsoron teku, amma ka manta gwiwar Alhaji. Zagaya tsohon haikalin Karnak tafiya ce mai nisa a ƙasa, kaburburan sarakuna gangara ne da hawa, kuma yawancin jiragen Nilu matakala ake bi hawa-hawa, lif sai an dace. A tambaya kafin a biya.

Hajiyar Malali

Gaskiyar Dakta. Ko a teku ma a duba tashoshin, a ga inda jirgi ke jingina da gaɓa da inda sai an sauka cikin ƙaramin jirgi yana rawa. Santorini ta Girka irin ta biyun ce, bayan an sauka ma sai an hau motar igiya ko a taka matakala kusan 600. A roƙi ɗaki kusa da lif, don hanyar da ke tsakanin ɗakuna a manyan jiragen nan tsawo gare ta.

Sannan ku tambayi tukwicin ma'aikata. A jirage da yawa ana ɗora wa kowane mutum kamar dala 12 zuwa 20 a kowane dare, sai ranar sauka a gan shi a takarda. Ku tafi da katin asusun dala, kuma ku kashe data da zarar an bar gaɓa, ku sayi intanet ɗin jirgin in kuna buƙata. Wata ƙawata ta bar layinta a buɗe, abin da aka caje ta ya isa kuɗin ragon layya.

Maman Hanifa, Unguwan Rimi

Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka. Ya ce Norwe ta Dakta ta burge shi amma sanyi da gwiwa ba sa shiri, ni kuma Umara da Bahar Maliya ce ta kwanta mini. Saura ɗaki mai baranda: bambancin kuɗinsa da mai taga kawai da yawa, ya cancanta?

Baban Sadik, Barnawa

A yankin Larabawa da kullum kuna tasha, taga ta isa, ku sa ragowar a yawon gari da mota mai sanyi saboda Alhaji.

Dakta, Kinkinau

A'a Hajiya, ku ɗauki baranda. Mutumin da ba ya son hayaniya kuma ba zai yawaita sauka ba, a nan zai wuni. Ku rage wani abin, ku bar masa kujerarsa.