Wai man da ake shafa wa layin bolin, akwai adalci a ciki kuwa?

Dan_Tudu: Salamu alaikum jama'a. Ina kallon gasar PBA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin ta Amurka, a YouTube sai na ga rabin layin ya yi shuɗi, mai sharhi yana ta cewa wai mai ne. Abin da ya ɗaure min kai, wani ya wurga ƙwallo ta lanƙwaso ta kwashe kwalabe goma cif, wani ya yi irin wurgin sak amma ta zarce abinta. Tunda masu shirya gasa ne ke zaɓar yadda za a shafa man, ashe ba za su iya ɗaure wa wani gindi ba? A taimaka.

Baban_Amira: Wa alaikumus salam. Shuɗin nan rini ne kawai, a 2013 suka fara sa shi don masu kallo a talabijin su gani, asalin man ba ya ganuwa. Layin ƙafa 60 ne zuwa kwalbar gaba, faɗinsa katako 39, inji ne ke bi yana shafa mai a wajen ƙafa 40 na farko, sauran a bushe, to a busasshen nan ne ƙwallo ke kama ƙasa ta juyo. A gidan wasa na kowa da kowa ana lafta mai a tsakiya a bar gefe kusan a bushe, in ka kauce waje busasshen ya dawo maka da ita, in ka kauce ciki man ya riƙe ta, shi ya sa mutum zai ɗauka ya iya alhali layin ne ke masa aiki. A gasa kuwa kusan daidai ake shimfiɗa shi, ka kuskure katako biyu ka ga ta kanka. Har sunan dabbobi PBA ta ba tsare-tsaren shafa man, Cheetah gajere, Shark dogo. Kuma ana sanar da tsarin tun kafin a fara, kowa ya yi gwaji a kai. Ni dai ban ga zalunci ba.

Hajjo_Bahaguwa: Baban Amira ka faɗi na farkon wasa ka bar na tsakiya ai. Man ba zama yake wuri ɗaya ba, duk ƙwallon da ta wuce sai ta sha wani ta ja wani gaba. Na-dama su ne mafi yawa, duk suna bin gefe ɗaya, kafin wasa na uku gefensu ya dagule sai matsawa suke ciki suna neman mai, mu bahagwai kuwa namu gefen yana nan lafiya lau. Ni bahaguwa ce amma gaskiya ɗaya ce, wata rana muna cin banza. Sai dai ranar da tsarin bai karɓi hagu ba babu wanda zai buɗe mana hanya, mu kaɗai muke shan wuya har a tashi, wannan kuma ba mai faɗa.

Sarkin_Yawo: Ku ƙara da rigimar ƙwallo. Ta yuretan, wani nau'in roba, ba ta shan mai sosai, tura shi take ƙasan layi ta ɓata wa mai bin baya, ga masu hannu biyu irin su Jason Belmonte na Ostareliya da ke murza ƙwallo kamar me, su ma suna canza layi da wuri. Maganar mai ta daɗe fa. A 1982 Glenn Allison ya ci maki 900 a Kalifoniya, wato 300 sau uku a jere ba kuskure ko ɗaya, ABC, hukumar bolin ta Amurka a lokacin, ta ƙi amincewa wai man layin ya saɓa ƙa'ida. Sai a 1997 aka karɓi 900 na farko, na Jeremy Sonnenfeld. Wallahi har yau abin na min ciwo, Allison ne ya shafa man?

Dan_Tudu: Kai, na gode ƙwarai. To Hajiya, me zai hana a riƙa sake shafawa bayan kowane wasa a huta da surutu?

Hajjo_Bahaguwa: Lokaci ɗan'uwa, gida mai layi 40 yaushe inji zai gama zagayawa kuna tsaye? Shi ya sa ake sa 'yan wasa canza layi bayan kowane wasa, kowa ya gaji ɓarnar wani. Kuma karanta yadda man ke tafiya ai shi ne rabin iyawar, in an cire shi ni kam na daina kallo.