Cakin da ake biya da hotonsa: me ke sa banki ya dawo da shi?

Mai buɗe zaure: Salamu alaikum ƴan uwa. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fara tsarin daina kai takardar caki daga banki zuwa banki, aka soma da Legas, a 2013 ya game ƙasa. Yanzu hoton cakin ake turawa ta NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, kuɗi su shiga washegarin ranar aiki. Amma har yau ƴan kasuwa na kuka ana dawo musu da caki ba su san dalili ba. Masu aikin, ku ba mu abin da kuke gani.

Ma'aikaciyar banki a sashen kiliyarin (mai tantance caki tsakanin bankuna): Wa alaikumus salam Malam. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, bankin da zai biya ba ya taɓa takardar ko kaɗan. Ita tana ajiye a reshen da aka kai ta. Mu na'ura muke sa wa cakin, ta ɗauki hoton gaba da baya, ta karanta layin lambobin da ke can ƙasa, wanda aka buga da tawada mai maganaɗisu. A layin nan lambar caki take, da ta banki, da lambar asusu goma ɗin nan ta NUBAN. Idan aka naɗe caki ta kan layin, ko sa hannu ya sauko ya hau shi, ko hatimin kamfani ya danne lamba ɗaya, na'ura ta rikice. Sai a shigar da hannu, kuma nan kuskure yake shigowa. Biro mai dusashewa ma matsala ce, ido na ganinsa a takarda, a hoto kuwa ya ɓace. Baƙi ko shuɗi mai kauri za a yi amfani da shi.

Akanta a kamfanin rarraba kaya: Gaskiya ne Hajiya. Daga ɓangarenmu, caki ba ya wuce naira miliyan 10, dokar tana nan tun 2010. Wanda ya kai wata shida da rubutawa ya mutu. Adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa wa na lamba, zai dawo. Kuma sababbin takardun cakin da suka zama tilas a 2021 suna da ranar ƙarewa a jikinsu, mutane da yawa ba sa dubawa.

Tsohon manajan reshe: Ku ƙara da kiran tabbatarwa. Babban caki, banki kan nemi mai asusun ya ce shi ya bayar, don a hoto kankare lamba ba ya fitowa sosai. Alhaji ya rubuta caki ya kashe waya, to an dawo da shi kenan. Ya sanar da bankinsa tun kafin ya miƙa. Wanda kuma ya bayar alhali babu kuɗi a asusu, dokar 1977 kan cakin da ba kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara biyu.

Abin da ke damuna, duk ƙa'idojin nan da Turanci suke cikin takardun CBN. Ɗan Kantin Kwari ko Dawanau ba wanda ya zaunar da shi. Ya kamata bankuna su buga su da Hausa a bangon littafin caki, su kuma bi ƙungiyoyin kasuwa su yi bayani.

Ma'aikaciyar sashen kiliyarin: Kafin nan, duk wanda aka dawo wa da caki ya tambayi dalilin a rubuce. Kowane caki da ya dawo yana tare da lambar dalilinsa, kuma reshe na ganinta.